WA ZAI BIYA KUƊIN JINYAR YARON KANTI?

Cikin makon nan mutum biyu suka zo ofishinmu da kuka. Ba su san juna ba, amma ciwonsu ɗaya ne. Na farko mai gidan burodi ne a ƙasar Kankiya, yana da yara bakwai masu yi masa aiki. Injin murza fulawa ya kama hannun ɗayansu, ya kwashe shi ya kai asibiti, ya biya kuɗin ɗinki da na allura daga aljihunsa har jarinsa ya girgiza. Yanzu iyayen yaron sun ce sai ya biya diyyar yatsu biyu, shi kuwa ya ce ai ya yi iyakar mutunci. Na biyu malamin wata makarantar kuɗi ne daga wajen Kusada. Wata goma sha huɗu ke nan ana yankar wani abu a albashinsa da sunan kuɗin lafiya. Ran da matarsa ta tashi haihuwa, haihuwar ta zo da gardama, aka kai ta asibiti, aka buɗe littafi aka duba sama da ƙasa, ba a ga sunansa ba. Sai da ya sayar da tumaki biyu da buhun gero kafin ya fito da ita.

Ba za mu faɗi sunan kowa ba. Abin da mu ke so shi ne 'yan'uwanmu talakawa da 'yan kasuwa su sani, maganar jinyar ma'aikaci ta shiga hannun doka, kuma tun daga ran 1 ga Janairu, 2026 ta shiga cikin sabon lissafin haraji. Wanda bai san dokar ba, ko maigida ne ko bara, shi ne zai kwana ciki.

YADDA MUKA GADA

Tun kaka da kakanni Bahaushe ya san hakkin yaronsa. Yaron kanti in ya yi rashin lafiya maigida ne ke sayen magani. In salla ta zo a ɗinka masa riga, in ya isa aure a yi masa, in ya daɗe yana bauta a sallame shi da jari ya kama gabansa. Wannan al'ada ce mai kyau, ba mu kuwa raina ta ba. Amma fa tana da iyaka. Ran da maigida ya karye, ko ya rasu magada suka raba kanti, ko kuwa ya wayi gari ransa a ɓace, to, yaro ba shi da inda zai kai ƙara. Ga kuma magani ya yi tsadar da aljihun mutum ɗaya ba ya iya ɗauka. Lissafin Hukumar Lafiya ta Duniya ya nuna fiye da kashi 70 cikin 100 na kuɗin da a ke kashewa wajen jinya a Nijeriya daga aljihun marar lafiya da danginsa su ke fitowa. Ma'anar wannan lissafi ita ce tumakin malamin nan guda biyu.

Saboda haka ne Gwamnati ta yi ta kafa dokoki. Uku daga cikinsu su ne suka fi shafarmu, za mu bi su ɗaya bayan ɗaya.

DOKA TA FARKO: DIYYAR RAUNI

Ita ce Dokar Diyyar Ma'aikata ta 2010, wadda ta maye gurbin tsohuwar dokar 1987. Ta ɗora wa maigida ya riƙa zuba kashi 1 cikin 100 na jimlar albashin ma'aikatansa a asusun hukumar NSITF. In ma'aikaci ya ji rauni a bakin aiki, ko a hanyarsa tsakanin gida da wurin aiki, ko ya kamu da cutar da aikin ya jawo, ko ya mutu, asusun ne zai biya jinya da diyya. Kuɗin nan na maigida ne shi kaɗai, doka ta hana shi ya yanko shi daga albashin yaro. Ta kuma yanka lokaci: ma'aikaci ko danginsa su sanar da maigida cikin kwana 14, maigida ya kai rahoto ga hukuma cikin kwana 7, a shigar da neman diyya kafin shekara ta cika.

To, ku duba mai burodin nan. In albashin yaransa bakwai duka ya kai Naira 280,000 a wata, abin da doka ta nema gare shi Naira 2,800 ne kurum. Da ya riƙa biya, da yau rigimar yatsu biyu tana tsakanin iyayen yaro da hukuma, shi yana gefe yana gasa burodinsa. Amma wa ya taɓa zuwa kasuwa ya gaya masa? Doka ta shekara goma sha biyar da kafawa, sai a ofishinmu ya fara jin sunanta.

DOKA TA BIYU: INSHORAR LAFIYA

An fara kafa shirin inshorar lafiya na ƙasa da dokar 1999, ya soma aiki a 2005, amma ya tsaya galibi ga ma'aikatan Gwamnatin Tarayya da na manyan kamfanoni. Tsarin da aka shimfiɗa shi ne maigida ya ba da kashi 10 cikin 100 na tushen albashi, ma'aikaci ya ba da kashi 5. A watan Mayu na 2022 Shugaba Muhammadu Buhari ya sa hannu a sabuwar doka wadda ta soke tsohuwar, ta kafa hukumar NHIA, ta kuma mai da inshorar lafiya wajibi a kan kowane mazaunin ƙasar nan. Dokar ta ambaci iyayen gida da ma'aikatansu, na Gwamnati da na masu zaman kansu, a duk inda ma'aikata suka kai biyar ko fiye. Ta ambaci masu sana'ar hannu da 'yan kasuwa, ta ambaci sauran jama'a.

Ku lura da wannan lamba, biyar. Gidan burodi, gidan bulo, gidan ruwan leda, makarantar kuɗi, gidan mai, babban kantin hatsi, wanne ne cikinsu bai kai mutum biyar ba?

A nan Jihar Katsina kuwa, tun 2018, zamanin Gwamna Aminu Bello Masari, aka yi dokar da ta kafa Hukumar Taimakekeniyar Lafiya ta jiha. Sunan ya dace. Abin ba wani baƙo ba ne, ɗan'uwan adashi ne da gayya: kowa ya zuba kaɗan yana lafiya, wanda ciwo ya kayar a ɗebo a ɗaga shi. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

Kada wani ya ce dokar barci ta ke yi. A watan Satumba na 2025 Shugaba Bola Tinubu ya ba da umurni ga ma'aikatu da hukumomin Tarayya su riƙa neman takardar shaidar inshorar lafiya daga mai neman kwangila da mai neman lasin ko sabunta shi. Ɗan kasuwar da ke fatan wata rana ya kai wa wata hukumar Tarayya buhunan masara ko kujerun makaranta, ya san an sa sabon ƙyaure a ƙofar. Ba a fafe gora ranar tafiya.

DOKA TA UKU: HARAJI

Ran 26 ga Yuni, 2025 Shugaban Ƙasa ya sa hannu a sababbin dokokin haraji guda huɗu. Babbar cikinsu, Dokar Haraji ta Nijeriya, ta fara aiki ran 1 ga Janairu, 2026. Abin da ya shafi maganarmu a ciki shi ne wannan. Naira 800,000 na farko na abin da mutum ya samu a shekara ba haraji a kai. Naira 2,200,000 da ke biye kashi 15 cikin 100 ne, daga nan abin ya yi ta hawa har ya kai kashi 25 ga abin da ya haura Naira miliyan 50. An soke tsohon rangwamen bai ɗaya da a ke yi wa kowane mai albashi. Abin da ya rage shi ne wasu abubuwa ƙididdigaggu da a ke cirewa kafin a yi lissafi: kuɗin fansho, kuɗin asusun gidaje, kuɗin inshorar rai, kashi 20 cikin 100 na kuɗin hayar gida muddin bai wuce Naira 500,000 ba, da kuma kuɗin da mutum ya zuba a shirin inshorar lafiya na ƙasa. Har wa yau dokar ta sa magunguna cikin kayan da ba a ɗora wa mai saye harajin sayen kaya a kansu.

Shi ma maigida yana da nasa rabo. Kuɗin da ya kashe a kan lafiyar ma'aikatansa kuɗin tafiyar da sana'a ne, ana cire shi kafin a san ribar da za a yanka wa haraji. Amma sai in yana da littafi da rasit.

Ba mu ƙi yabon abin da ya cancanci yabo ba. Ɗauke haraji daga kan mai ƙaramin samu abu ne da talakawan ƙasar nan suka daɗe suna nema. Dattawanmu na Kankiya da Kusada ba su manta da shekarar 1979 ba, sa'ad da Gwamna Balarabe Musa ya soke haraji da jangali, lokacin muna cikin tsohuwar Jihar Kaduna. Amma yabo ba ya hana mu ɗauki alƙalami mu yi lissafi.

INDA GIZO KE SAƘAR

Mu ɗauki mutum uku, kowannensu ya zuba Naira 60,000 a shekara domin inshorar lafiya. Mu ajiye maganar fansho da haya a gefe don lissafi ya fito sarai.

Na farko akawu ne, albashinsa Naira 150,000 a wata, watau Naira 1,800,000 a shekara. In an cire Naira 800,000 saura miliyan ɗaya, harajinsa Naira 150,000. In aka cire kuɗin lafiyarsa saura Naira 940,000, haraji ya koma Naira 141,000. Ya tsira da Naira 9,000.

Na biyu babban mutum ne, samunsa ya haura miliyan 50 nesa. Shi a kan kashi 25 a ke yi masa lissafi, saboda haka ya tsira da Naira 15,000.

Na uku yaron gidan burodi ne, Naira 40,000 a wata, watau Naira 480,000 a shekara. Ba ya biyan haraji, saboda haka ba abin da za a rage masa. Ya tsira da sifiri.

Kun gani ko? Kuɗi iri ɗaya suka zuba, amma baitulmali ta tallafa wa mai ƙarfi da dubu goma sha biyar, ta tallafa wa akawu da dubu tara, shi kuwa wanda Naira 60,000 ta ke albashinsa na wata ɗaya da rabi bai sami ko anini ba. Rangwamen haraji rijiya ce wadda sai mai dogon igiya ke sha. Wannan shi ne aibi na farko.

Aibi na biyu, dokokin nan duk an ɗinka su ne da awon ma'aikacin ofis. Dokar albashi mafi ƙanƙanta, wadda ta kai shi Naira 70,000 a watan Yuli na 2024, ba ta hau kan maigidan da ma'aikatansa ba su kai 25 ba. Dokar fansho ta 2014, wadda ta ce maigida ya zuba kashi 10 ma'aikaci ya zuba kashi 8, ta kuma ce a yi wa ma'aikaci inshorar rai ta ninkin albashinsa na shekara sau uku, a ina ta taɓa leƙa rumfar kasuwa? Ɗan dako, da yaron mota, da mai awon hatsi, da yarinyar da ke wanke kwanuka a gidan abinci, ba takardar ɗaukar aiki, ba takardar albashi. Wanda ba shi a takarda kuwa, a idon doka kamar ba shi a duniya.

Aibi na uku, shirin Tarayya na ma'aikata mace ɗaya ya sani da 'ya'ya huɗu na cikin mutum waɗanda ba su kai shekara 18 ba. Sauran sai an biya musu dabam. To, magidancin Rimaye ko na Mawashi mai mata biyu da 'ya'ya tara, ga tsohuwa a ɗaki, ga marayun ɗan'uwansa, wa zai rubuta wa zai bari? Wanda ya tsara wannan bai taɓa cin tuwo a zauren Bahaushe ba.

Aibi na huɗu shi ne wanda ya sami malamin nan na Kusada, kuma ya fi duka muni: a yanka a albashi, a ƙi kaiwa inda aka ce. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi. Wannan ba shi da wani suna sai cin amana.

GA 'YAN KASUWA

Mun san da yawa cikin masu karanta wannan jarida iyayen gida ne, ko da na yara biyu ko uku. Mun kuma san halin da kasuwa ke ciki, ga tsadar mai, ga kuɗin rumfa, ga masu rasit iri iri a bakin hanya. Duk da haka gaskiya ɗaya ce, za mu faɗe ta ko ta yi ɗaci. Ba daidai ba ne mu yi ta kukan manya sun danne mu, mu kuma mu juya mu danne yaran da ke ƙarƙashinmu. Wanda ke da ma'aikata bakwai kada ya rubuta huɗu don ya kuɓuce wa doka. Ran da inji ya kama hannun na biyar, ƙaryar ba za ta biya kuɗin ɗinki ba.

Ku sayi littafi, ko na Naira ɗari biyar ne. Ku rubuta sunan kowane yaro, da ranar da ya kama aiki, da abin da ku ke ba shi, ya sa hannu ko ya dangwala. Ƙungiyoyin kasuwa, na masu hatsi, da mahauta, da teloli, da direbobi, su tara sunayen 'ya'yansu su tafi Hukumar Taimakekeniyar Lafiya a ƙungiyance, su nemi a zauna da su a faɗa musu nawa ne kuɗin shekara, wace cuta ce ke ciki, wacce ce ba ta ciki, wane asibiti za su je. Mutum ɗaya a kan bar shi a benci har la'asar, amma mutum ɗari biyu da shugabansu da magatakardansu, kujera a ke jawo musu.

GA MA'AIKATA

Duk abin da aka yanka a albashinka kuɗinka ne, guminka ne. Ka nemi takardar albashi kowane wata ka adana. In an ce an yanka don lafiya, ka tambayi katinka da lambarka da sunan asibitin da aka rubuta ka. Kada ka jira sai ciwo ya zo. Ka tafi da ƙafarka kana lafiya, ka ce a buɗe littafi ka ga sunanka da na iyalinka da idonka, gani ya kori ji. Ka kuma sani rangwamen haraji ba ya zuwa da kansa, sai an nema a rubuce an nuna shaida. Kakanninmu sun sani tun zamanin En'e, wanda ya biya haraji bai karɓi takarda ba, sau biyu ya ke biya.

GA GWAMNATI

Ga abin da mu ke nema, ba kuwa alfarma mu ke roƙo ba.

Na ɗaya, a fassara dokokin nan uku da Hausa mai sauƙi, da boko da ajami, a karanta a rediyo, a aika ma'aikata su bi kasuwanni ran da su ke ci, tun daga Kankiya da Kusada har Kafin Soli da Yashe. Ba adalci ba ne a kama mutum da dokar da ba a taɓa karanta masa ba.

Na biyu, tun da harajin albashin ma'aikatan jiha da na masu zaman kansu a hannun hukumar tara kuɗin shiga ta jiha ya ke, ta fito ta faɗa a rubuce cewa abin da ma'aikaci ya zuba a taimakekeniyar lafiya ta jiha za a cire masa shi kafin lissafin haraji, ta kuma aika wa kowane mai biyan albashi.

Na uku, tun da rangwamen haraji ba ya isa ga marar ƙarfi, a isa gare shi ta ƙofar da doka ta riga ta buɗe. Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014 ta ware aƙalla kashi 1 cikin 100 na kuɗin shigar Tarayya don lafiya matakin farko, dokar 2022 kuma ta kafa asusun marasa galihu. A manna sunayen waɗanda aka rubuta a ƙofar asibitin kowace mazaɓa, daga Tafashiya har Kaikai, jama'a su gani ko matalautan gari ne ko kuwa 'yan'uwan masu rubutu.

Na huɗu, kowace shekara a buga lissafi ƙaramar hukuma bayan ƙaramar hukuma, duka 34: nawa aka tara, nawa aka biya asibitoci, mutum nawa aka yi wa magani. Mai riƙon adashin da ba ya son a ƙirga kuɗi a gaban masu zubi, akwai abin da ya ke ɓoyewa.

Na biyar, maigidan da ya yanki kuɗin ma'aikaci bai kai ba, a kai shi gaban alƙali, ya mayar da kuɗin, ya kuma biya abin da ma'aikacin ya kashe a asibiti.

Na shida, a sake duba maganar mace ɗaya da 'ya'ya huɗu, a sauƙaƙa kuɗin ƙara iyali yadda ƙaramin ma'aikaci zai iya. Ɗan majalisarmu na mazaɓar Kankiya da Ingawa da Kusada ya ɗauki wannan magana ya kai ta Abuja, don irin wannan aka aike shi.

Sa'an nan a tuna, kati ba ya warkar da zazzaɓi. In an karɓi kuɗin jama'a, lalle a iske ma'aikaci a asibiti, a iske magani a kan kanta. Garin Kankiya da ke da Babban Asibiti, da makarantar da ke horar da ma'aikatan lafiya tana aika su ko'ina cikin jiha, bai kamata a ce ƙauyukan da ke kewaye da shi suna neman mai yin allura ba.

Mai burodi mun rubuta masa takarda, mun kuma ba shi shawara ya zauna da iyayen yaron gaban dattawa a yi sulhu, sa'an nan ya je ya yi rajistar yaransa duka. Malamin kuwa mun ce ya tattaro takardun albashinsa na wata goma sha huɗu ya kawo. Duk wanda ke da irin wannan kuka ya zo ofis da takardunsa, ko ya aiko wani amintacce, za mu karanta masa, mu rubuta masa, ba ko kwabo. Lafiya uwar jiki, Allah ya ba mu ita, ya kuma ba mu shugabanni masu tsoron hakkin talakawa, amin.